Ƙidayar Hilkka

A ƙauyenmu na Kainuu, can arewacin Finland,
kalanda maƙaryaciya ce.
Takan ce Afrilu, ta zana fure a kusurwa,
alhali tafki na nan a daskare,
yara na ratsa shi da ƙafa.

Shekarar da na gaji lambun mahaifina
na gaji shebur, na gaji bokiti mai yoyo,
haƙurinsa ne bai zo hannuna ba.
Tsakiyar Mayu rana ta kwana huɗu tana murmushi.
Na tuɓe rigar sanyi,
na kwaso tumatirin da na rena a taga tun Maris
cikin kwalayen madara,
na jera su a fili kamar 'yan makaranta.
Dare na biyar sama ta washe, iska ta ɗauke.
Da safe na tarar da su baƙi ƙirin,
sun yi laƙwas kamar an watsa musu tafasasshen ruwa.
Ashirin da bakwai. Sai da na ƙirga.

Hilkka ta leƙo ta kan shinge,
shekarunta tamanin ba ɗaya.
Ko jaje ba ta yi mini ba.
Ta ce, "Arvo, sauri ya haifi nawa. Zo nan."
Ta durƙusa, gwiwa na ƙara,
ta cire safar hannu ta cusa yatsu cikin kunya.
"Sa naka. Ƙirga.
In ka kai ashirin yatsu ba su yi kuka ba,
ƙasa ta amince.
In sun yi kuka, iri ma kukan zai yi,
shi kuwa ba shi da hannun zarewa."

Shida na kai.

Daga nan na zama ɗan aikenta, ina ɗaukar karatu a tsaye.
Karas da albasa ba su da tsoro, in ji ta,
a binne su ran da farar bishiyar bakin rijiya
ta fitar da ganye kamar kunnen ɓera.
Dankali ya jira cizon sauro na farko.
Wake da kokwamba 'yan gata ne,
kafin goma ga Yuni ko ƙofa kada su leƙa.
Kabeji a fitar da shi da rana ya sha iska,
a mayar da shi ɗaki da yamma,
mako guda, kamar mai jinya da ke koyon tafiya.

Shekara ta zagayo, na zama sarkin jira.
Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.
Na ƙi shuka kabewa sai ƙarshen Yuni,
ina cewa sannu ba ta hana zuwa.
Agusta bai fita ba raɓa ta daskare,
ta same su ƙanana, kore shar, kamar dunƙulen jariri.
Hilkka ta yi dariya har da tari.
"A nan sannu tana hana zuwa.
Kwana casa'in aka ba mu, ba ƙari, ba bashi.
Ƙofar ƙarama ce:
mai gaggawa ya buga goshi,
mai nawa ta rufe da rigarsa."

Bana gwiwoyinta sun ƙi.
Tana zaune a taga da bargo da kofin gahawa,
ambulan ɗin iri a cinyarta, kowanne da rubutun fensir.
Kowace safiya nakan durƙusa inda za ta gan ni,
in sa hannu, in ƙirga a bayyane.
Shekaranjiya tara. Jiya goma sha huɗu,
ta girgiza kai ta ci gaba da kurɓa.

Yau na wuce ashirin ban sani ba,
wata tana ma ta gilma tsakanin yatsuna.
Na ɗago.
Ta riga ta buɗe tagar,
tana miƙo ambulan ɗin wake.